Baƙuwar lambar ƙasar waje: wace hanya ce ta fi wajen gane mai kira?

Ana idar da sallar asuba Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta a kan darduma, carbi a gefe, waya a hannu. Ɗanta na fari yana aiki a Jidda, kuma an shiga mako na uku ba a ji ɗuriyarsa ba. Cikin dare wata doguwar lamba ta kira ta sau biyu, kowanne ringin ɗaya ya katse.

"Ɗan nan, duba min. Ko yaron nan ne ya canza layi? Ka sa min kati in kira."

Ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari. Na karɓi wayar na duba, lambar ta fara da +222. Na ce, "Gwaggo, wannan ba ta Saudiyya ba ce. Ta Saudiyya da +966 take farawa. Wannan ta Muritaniya ce." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ko aron waya ya yi?" Duk wanda yake da ɗa ko miji ko ƙani a waje ya san wannan tunanin. Shi ya sa shawarar "kada ka ɗaga baƙuwar lamba" ba ta isar mu. Mutanenmu suna Makka da Madina, suna Libiya da Aljeriya, ɗalibanmu suna Masar da Indiya da Malesiya, 'yan kasuwarmu suna Dubai da Guangzhou. Ba ma iya kau da kai daga kowane kira. Abin da muke buƙata shi ne mu san wace hanya ce za ta gaya mana gaskiya, wacce ce kuma za ta cinye mana kuɗi ko ta yaudare mu.

Kafin a gwada hanyoyin, akwai abin da ya kamata a rarrabe. Idan mutum ya ce "wa ya kira ni?", tambayoyi uku ne ya dunƙule. Daga wace ƙasa lambar take? Wane suna ne a kan layin? Wa ke riƙe da wayar a yanzu, kuma me yake so? Yawancin hanyoyin da ake tallatawa tambaya ta farko ko ta biyu suke amsawa, alhali ta ukun ce take hana mutum barci.

Hanya mafi sauƙi ita ce karanta lambar ƙasa da idonka. Ba ta cin data, ba ta cin kati, tana yi ko a ƙaramar waya mai tocila. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai mazauni a Janeba, ita ce ta raba wa ƙasashe lambobinsu, kuma a tsarinta cikakkiyar lamba ba ta wuce alƙaluma 15. Nijeriya +234, Nijar +227, Gana +233, Kamaru +237, Chadi +235, Sudan +249, Libiya +218, Aljeriya +213, Masar +20, Daular Larabawa +971, Turkiyya +90, Sin +86, Indiya +91, Ingila +44. Inda ido yake yaudarar mutum shi ne lambobin da suka yi kama da juna. +243 ta Kwango Kinshasa ce, amma mai sauri zai ɗauka +234 ce ta gida. +223 ta Mali ce, +233 ta Gana, +232 ta Saliyo. Tsawon lambar ma yana magana: layin salula na Saudiyya alƙaluma 9 ne bayan +966, kuma da 5 yake farawa. Na Nijar 8 ne bayan +227. Idan wani ya ce daga Yamai yake kira amma lambarsa ta zarce haka, ka tsaya.

Akwai wasu da nake so kowa ya haddace. +1 ba ta Amurka kaɗai ba ce, Kanada da tsibiran Karibiyan duk suna ƙarƙashinta. +1 876 Jamaika ce, +1 809 kuma Jamhuriyar Dominika. Lambar Ingila da ta fara da +44 70 ba layin salula ba ne, lamba ce da ake karkatar da kiranta zuwa wata wayar, mai ita kuma yana iya kasancewa a wata ƙasa daban. Su kuwa +870 da +881 da +882 ba na wata ƙasa ba ne, na wayoyin tauraron ɗan Adam ne da makamantansu, kuma kiransu yana da tsada ƙwarai. Direbobin da ke ratsa hamada daga Agadas sun san wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya, lambarta da +882 16 take farawa. Wanda yake da ɗan uwa a wannan hanyar ba zai yi mamakin ganinta ba. Wanda ba shi da kowa a can ba shi da dalilin kiranta.

Raunin wannan hanya shi ne lambar da ta bayyana a fuskar waya ana iya ƙirƙirar ta. Mai kira ta intanet yana iya sa kowace lamba ta fito. Haka kuma akwai manhajojin da ke ba mutum lambar Amurka ko ta Ingila yana zaune a unguwarku. Abin yana kuma juyewa: ɗan uwanka ya kira da gaske daga Dubai, amma ka ga lambar gida ta fito, saboda an bi da kiran ta ɓarauniyar hanya don kauce wa kuɗin kiran waje, abin da hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta daɗe tana yaƙi da shi. Saboda haka lambar ƙasa ta fi amfani wajen cire tsammani. Ta nuna wa Gwaggo cewa ba layin Jidda ba ne, amma ba za ta iya rantsewa cewa mai kiran yana Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, ba.

Hanyar da zuciya ta fi saurin kai mutum gare ta, wato mayar da kira, ita ce na fi hana mutane. Mu nan filashin al'ada ce, wanda ba shi da kati ya yi maka ringin ɗaya ka kira shi. Wannan ɗabi'a tamu ce 'yan damfara suke hawa. Damfarar tana da suna, wangiri, kalmar Jafananci ce mai nufin ringin ɗaya a katse. Na'ura ce take kiran dubban layuka, yawanci cikin dare don a wayi gari a tarar. Lambar irin ta musamman ce mai tsadar kira, kuma wani kaso na kuɗin kowane minti yana komawa ga wanda ya yi hayarta. Kana kira sai ka ji kiɗa, ko muryar da aka naɗa tana cewa ka dakata, ko kukan wani, duk don ka daɗe a layi katinka yana zuba. A watan Mayun 2019 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta fitar da gargaɗi a kan irin wannan kira, ta ambaci +222 da suna. Wannan ba laifin mutanen Muritaniya ba ne, lambar ƙasarsu kawai aka yi amfani da ita. Mai nemanka da gaske daga waje ba ya tsayawa a ringin ɗaya. Zai sake kira ya bar ta ta yi ta ringin, ko ya turo saƙo, ko ya biyo ta WhatsApp.

Sai manhajojin nuna suna, waɗanda Truecaller ta fi shahara a cikinsu. Kamfanin Suwidin ne, an kafa shi a Stockholm a 2009. Mutane da yawa suna ɗaukar sunan da ta nuna kamar daga rajistar kamfanin waya ya fito. Ba haka ba ne. Daga masu amfani da ita take tattara sunayen: abin da mutane suka laƙaba wa lamba, abin da suka kai rahoto a kanta, da abin da mai lambar ya rubuta da kansa. Shi ya sa za ka ga "Mai Shayi" ko "Oga Dubai" ko "Kada Ka Ɗaga". Getcontact kuwa tana jero sunaye daban-daban da aka ajiye lamba ɗaya da su, wanda wani lokaci ya fi suna guda ɗaya bayani, don idan mutum biyar sun rubuta "ɗan damfara" da harsuna uku, ka samu amsa.

Inda waɗannan manhajoji suka yi fice shi ne gane lambar da ta addabi jama'a. Idan na'ura ta kira mutane masu yawa, wasu sun riga ka kai rahoto, fuskar wayarka za ta yi ja kafin ka ɗaga. A nan babu hanyar da ta kama ƙafarsu. Amma wajen gane mutum ɗaya mai layi a ƙasar waje, ƙarfinsu ya dogara ne da yawan masu amfani da su a can. A Indiya ko Masar sau da yawa za ka samu suna. A ƙasar da ba a cika amfani da su ba, fili za ka gani. Sabon layi ba shi da tarihi, tsohon layin da kamfani ya sake sayarwa kuma yana iya zuwa da sunan mai shi na da. Mafi haɗari, ɗan damfara yana iya buɗe manhajar ya sa wa kansa sunan ofishin jakadanci ko na kamfanin aika kaya. Jan gargaɗinsu abin ɗauka ne da muhimmanci, amma kyakkyawan suna a fuskar waya ba shaida ba ce.

Manhajojin nan kuma suna da farashin da ba na kuɗi ba. Suna neman izinin leƙa jerin lambobinka da tarihin kiranka, a cikin jerin nan kuwa akwai lambar matarka da ta 'yarka da ta malaminka, waɗanda ba a tambaye su ba. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta Nijeriya, NITDA, ta sanar da cewa tana binciken Truecaller kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, a 2023 kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Ni ra'ayina, ɗan kasuwar da wayarsa ba ta hutawa da baƙin lambobi yana da hujjar saka ta. Wanda sau ɗaya a wata yake ganin baƙuwar lamba, ya fi masa ya shiga shafin Truecaller na intanet ya bincika lambar a can, ba sai ya ɗora manhajar a wayarsa ba. Suna kuma da shafin da mutum zai cire lambarsa daga rumbunsu idan ba ya so a gan shi.

Hanyar da na fi samun amfaninta ita ce WhatsApp, kuma ita ce ake rainawa don tana hannun kowa. Ka ajiye lambar da alamar + da lambar ƙasarta, ka buɗe ka gani. Tana da WhatsApp? Lambobin wangiri galibi ba su da shi. Akwai hoto? Me ya rubuta a kansa? Asusun kasuwanci ne mai adireshi? Kuna da zaure ɗaya da shi, kamar na 'yan unguwa ko na alhazan jiharku? Zaure ɗaya tak yana iya warware komai, don sai ka tambayi shugaban zauren wane ne wannan. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a sani. Kafin a buɗe WhatsApp a kan lamba sai an turo lambobi shida na tantancewa zuwa layin, don haka kiran WhatsApp ya fi wuyar ƙirƙira fiye da kiran layi. Amsa shi ko mayar da shi kuma data kawai yake ci, babu tarkon kuɗin minti.

Sai dai hoto ba ya rantsuwa. Ana satar hoton soja ko na likita ko na wata baiwar Allah a Facebook a manna. Ka ɗauki hoton ka sa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, idan ya fito da wani suna a wata ƙasa, magana ta ƙare. Kafin ka ajiye baƙuwar lamba kuma, ka duba saitin sirrinka, don wanda ka ajiye yana iya ganin hotonka da abin da kake ɗorawa. Wani abin da ya fi tayar min da hankali shi ne layin yana iya zama na ɗan uwanka da gaske, hoton nasa ne, amma an ƙwace asusun. Hanyar ƙwacewar ɗaya ce kusan kullum: a kira ka da ladabi, a ce ana shirya taro ko rabon tallafi, an turo maka lambobi shida, ka karanto. Wanda ya karanto ya miƙa asusunsa. Maganin wannan shi ne kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri. Tun 2023 WhatsApp yana da wurin da za ka kunna don kiran baƙuwar lamba ya shigo shiru, ka gan shi daga baya. Na kunna wa iyayenmu da yawa shi.

Binciken Google yana da wurinsa, amma ƙunci gare shi. Ka rubuta lambar gaba ɗaya, ka gwada da +, ka gwada babu. Idan ta jami'a ce ko otal ko kamfanin jirgi ko ofishin biza, za ta fito a shafinsu. Idan ta ɗaiɗaikun mutane ce, da wuya ka ga komai. Dabarar da ta fi ita ce a juya binciken. Wanda ya ce daga wata jami'a a Turkiyya yake, kada ka bi lambarsa, ka nemo shafin jami'ar da kanka ka tuntuɓe su ta lamba ko imel ɗin da suka wallafa. Wanda ya ce kujerar Hajji yake rabawa daga Saudiyya, ka je hukumar alhazan jiharku ko ta ƙasa, NAHCON, ka tambaya.

Shafukan da ke cewa ka biya dala su ba ka suna da adireshi, irin su Spokeo da Whitepages, an gina su ne a kan bayanan mazauna Amurka. Ba su da abin da za su gaya maka a kan layin Libiya ko na Saudiyya, ko lambar +1 ɗin ma idan ta manhaja ce ba lallai ka samu komai ba. Ban ga dalilin da ɗan Kano ko ɗan Maraɗi zai sa katin bankinsa a can ba. Su kuwa masu talla a kafafen sada zumunta cewa za su gano maka mai lamba har da taswirar gidansa idan ka tura wani abu, damfara ce ta biyu a kan ta farko.

Mutane sukan ce, ai an haɗa layi da lambar NIN tun ƙarshen 2020, me zai hana kamfanin waya ya faɗa min? Wannan rajista ta layukan Nijeriya ce kawai. Sunan mai layin waje yana hannun kamfanin ƙasarsa, ko na gida ma ba a ba wa mutum haka kawai sai da buƙatar hukuma. Don haka wannan hanya ba ta mai son sani ba ce, ta wanda aka cuta ce. Idan katinka ya zube kuma kamfaninka bai saurare ka ba, layin ƙorafi na NCC shi ne 622, kyauta ne. A Nijar hukumar ARCEP ce take kula da wannan fanni. Idan kuɗi ya riga ya fita, bankinka za ka fara kira a wannan sa'ar, sannan 'yan sanda ko EFCC. Idan kiran na tayin aikin gida ne a ƙasar Larabawa ga 'yarka ko ƙanwarka, biza kyauta, jirgi kyauta, a nemi NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Nijeriya, kafin a ba da fasfo. Kada a goge komai, a ɗauki hoton lambar da lokacin kira da saƙonnin.

Duk waɗannan suna kewaye ne da tambaya ta uku. Wadda take amsa ta kai tsaye tsohuwar hanya ce: a tabbatar ta wata ƙofa daban. Wani ya kira da sabuwar lamba ya ce shi ne ƙaninka, wayarsa ta ɓata, yana cikin matsala. Ka ce masa za ka kira. Ka nemi tsohon layinsa, ka nemi abokin ɗakinsa, ka nemi matarsa. Mu Hausawa Allah ya hore mana wannan, da wuya a samu babban gari daga Kumasi zuwa Jidda da babu zango ko wani ɗan garinku da zai iya taka ƙafa ya dubo. Ka nemi kiran bidiyo, mai gaskiya ba ya gudunsa kullum da sunan babu sabis. Murya kaɗai ta daina isa, don yanzu ana kwaikwayonta da kwamfuta daga ɗan gajeren saƙon murya. Ka yi tambayar da ba ta Facebook: sunan da Kaka take kiransa, ko wace bishiya ce a tsakar gidanku na da. Kuma ka kiyaye bakinka, kada ka ce "Wane, kai ne?", don ka ba shi sunan da bai sani ba. Ka bari shi ya faɗa.

Idan zancen ya kai ga kuɗi, akwai bincike ɗaya da ya fi duk manhajojin nan. Ka ce ya turo lambar asusu, ka shigar da ita a manhajar bankinka ba tare da ka tura komai ba, suna zai fito. Mai kira daga Landan da ya ba ka asusun wani baƙon suna a bankin gida, yana cewa na wakilinsa ne, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Inda abin ya fi nauyi shi ne kiran Libiya. Gaskiya ne ana tsare matafiya a can a kira iyalansu a nemi kuɗin fansa, kuma gaskiya ne akwai masu kwaikwayon hakan alhali ba kowa a hannunsu. Uwa ba za ta iya bambancewa cikin kuka ba, kuma ba na ganin laifinta. A irin wannan, Truecaller da Google ba su da abin yi. A samu mutum ɗaya mai natsuwa a gidan ya riƙa amsa kiran, a nemi magana da wanda aka ce an riƙe, a yi masa tambayar da shi kaɗai zai amsa, a sanar da hukuma tun ranar farko, kuma kada a tura ko sisi kafin wannan.

Idan zan tsara wa mutum yadda zai bi, ringin ɗaya daga ƙasar da ba ka da kowa, karanta lambar ƙasa ya wadatar, ka toshe ta. Kiran da ya daɗe yana ringin daga ƙasar da kake da mutum, ka duba WhatsApp, ka tura gajeren saƙo, "Salamu alaikum, wa ke magana?" Mai iƙirarin kamfani ko ofishi, ka bi ta shafinsu. Ɗan kasuwa mai yawan kira ya ƙara da manhajar nuna suna, ya ɗauki jan da take nunawa a matsayin gargaɗi. Duk wanda ya ambaci kuɗi ko lambobi shida ko gaggawa, sai an tabbatar ta bakin wani mutum daban.

Lambar Gwaggo ba ta da WhatsApp, ba ta kuma sake kira ba. Na tura saƙon murya ga wani ɗan unguwarmu da ke sana'a a Jidda, ya ce zai leƙa bayan la'asar. Ranar Juma'a ɗanta ya kira ta bidiyo da wayar abokinsa, tasa ce ta faɗa ruwa. Bayan sun gama na yanki 'yar takarda na rubuta +966 da manyan alƙaluma, na manna mata a bayan waya da salatif. Ta juya wayar ta duba, ta ce, "Idan ba wannan ba ce a gaba, in ajiye har ka zo?" Na ce, "E, Gwaggo, ki ajiye har in zo."